Hanyar Legas, hanyar Gana, da abin da ya dawo da ni gida

Ni mutumin Illela ne, ta jihar Sakkwato. Wanda ya san garinmu ya san tsakaninmu da Birnin Ƙonni ta ƙasar Nijar tafiyar babur ce ta 'yan mintoci, kuma da wuya ka sami gida a Illela da ba shi da dangi a can. Mahaifiyata ma 'yar ƙasar Ƙonni ce. Saboda haka tun ina yaro iyaka ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Wuri ne da muke wucewa mu je suna, mu je biki, mu dawo kafin magariba. Sai da na riƙe sitiyarin tirela na gane cewa iyaka tana da wata fuska da mai babur ba ya gani.

Na shiga harkar mota a matsayin yaron mota, ƙarshen mulkin soja, dab da zaɓen 1999. Maigidana na farko, Allah Ya ji ƙansa, dattijo ne mai tsohuwar DAF. Ba ya yawan magana, kuma bai yarda yaro ya taɓa sitiyari ba sai ya san abin da ke ƙarƙashin mota. Aikina in diro da waigi idan mun tsaya a hawa, in ja tamfol, in ɗaure igiya, in duba ruwan lagireto, in bi tayoyi da ƙarfe ina bugawa don in ji wadda ta yi sanyi, da dare kuma in kwana a ƙarƙashin bodi saboda ɓarayin batir da gas. Hanyarmu ɗaya ce: Sakkwato, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, mu haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Badun, sai Legas. Mu kai albasa ko shanu, mu dawo da gishiri, manja, fulawa ko katako. Lodin shanu shi ne makarantar gaske. Idan ɗaya ta faɗi a cikin bodi sauran za su tattake ta, don haka ba a tsayawa sai dole, kuma a nan na koyi yadda ake yaƙi da barci da goro da shayi da wanke fuska, ba da ƙwaya ba. Maigidana ya ce duk ranar da ya ga ƙwaya a aljihuna, a nan wurin zai sauke ni ko da tsakiyar daji ne, kuma na san zai aikata.

Da na sami lasin, aka ba ni mota, na yi aure, Allah Ya ba mu zuri'a. Amma a aikin cikin gida albashi suna ne kawai. Abin da ke riƙe direba shi ne rarar kuɗin hanya, da 'yan fasinjan da ya ɗora a kan kaya, da abin da mai kaya ya ba shi na jin daɗi idan an sauke lafiya. Ba mu kwana da yunwa ba, alhamdu lillahi. Sai dai shekara ta zagayo ka duba ka ga ba ka aza bulo ko ɗaya ba.

A daidai wannan lokaci, duk sanda na leƙa Ƙonni sai in ga sa'o'ina da ke jan motocin Nijar zuwa Gana da Lome da Kwatano. Wannan ya sayi fili, wancan ya rufa kwano, wani ya kai mahaifinsa Makka. Su da sefa ake biyansu. A da ba mu ɗauki sefa a bakin komai ba, jaka ɗaya, wato sefa dubu, ba ta kai naira ɗari huɗu ba. Da naira ta faɗi a 2016 lissafi ya juya, ya ci gaba da juyawa har muka ga ranar da jaka ɗaya ta haura naira dubu biyu a 2024. Mutumin da iyalinsa ke cefane da naira, shi kuma yana karɓar sefa, ko bai ƙara aiki ba kuɗinsa yana ƙaruwa yana barci. Wannan shi ne abin da ya ja ni, ba zan ƙawata shi da wani abu ba. Kawuna ya haɗa ni da wani Alhaji mai motoci da ke jigilar albasar Galmi.

Da na je wa mahaifiyata da maganar, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "To kai ɗan nan, Legas ɗin ba ta ishe ka nisa ba?"

Na ce, "Inna, nisan ai kusan duk ɗaya ne, kuɗin ne ba ɗaya ba."

Ta ce, "Allah Ya tsare. Amma ka riƙa leƙowa."

Ba zan zalunci hanyar ƙetare ba, domin na ci alherinta, kuma har yau akwai abin da nake kewa a cikinta. Mukan yi lodi a Galmi, mu bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai, mu fita ta Torodi da Makalondi, mu shiga Burkina Faso ta Kancari, Fada Ngurma, Kupela, Tenkodogo, Bitu, mu faɗa Gana ta wajen Bawku, daga nan Bolga, Tamale, Kintampo, Teciman, Kumasi, har Akra. Sawuna na farko ban yi barcin kirki ba, ba don tsoro ba, don kallo. Ƙasa tana sauya launi a gabanka, daga jan rairayi da gawo da aduwa, zuwa kaɗanya da ɗorawa, zuwa dajin koko mai duhu. Kakana yakan ba mu labarin fataken da ke zuwa Gwanja da jakuna su kai kanwa su dawo da goro, tafiyar watanni. Da na wuce Tamale sai na ji a jikina cewa ba sabon abu nake yi ba, sawun mutanenmu nake bi, jaki ne kawai ya zama DAF.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne Hausa. A zangon Kumasi, a Nima ta Akra, a kasuwar albasa ta Agbogbloshi kafin a tashe ta zuwa Ajen Kotoku a 2021, da Hausa za ka yi ciniki, da Hausa za ka nemi masallaci, da Hausa za ka sayi koko da ƙosai da waken da suke dafawa da shinkafa. Mutanen da kakanninsu suka baro Kano ko Katsina tun kafin zuwan Turawa su riƙe hannunka su ce, "Baƙo, yaya mutanen gida?" Na ga mutunci a wurin mutanen zango wanda ba zan manta ba. Kuma a cikin 'yan shekaru na sayi fili, na gina ɗakuna, na yi wa babbar 'yata kayan ɗaki ban ci bashin kowa ba. A bayan kujera nakan riƙo ɗan abin sayarwa, atamfa ko sabulu, uwargida ta sayar a cikin gida. Duk wanda ya ce maka babu kuɗi a wannan hanya, ko bai bi ta ba ko yana ɓoye maka.

Matasa suna zaton haɗarin ƙetare bindiga ce ko hatsari. Akwai su, zan zo kansu. Amma abin da ke cin direban ƙetare a hankali, har ya gama da shi bai sani ba, jira ne.

Ka ɗauki takardu. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda ɗan kowace ƙasa ya shiga 'yar'uwarta ba biza har kwana 90, kuma gaskiya ne ba a taɓa tambayata biza ba. Amma ga fasfo ko takardar tafiya, ga katin rigakafin shawara, ga lasin, ga takardun mota, ga inshorar ECOWAS mai aiki a duk ƙasashen, ga takardun kaya, ga takardar izinin shigar da mota, kowace iyaka da tata. Ko sun cika cif, sai ka sauko a shinge, ka bi layi, ka miƙa abin da aka saba miƙawa. Wanda ya tsaya gardama a kan haƙƙinsa za a ajiye takardunsa a aljihun tebur a ce ya jira shugaba, shugaban kuma ba ya nan. Mai shinkafa ko siminti zai iya jira. Mai albasa ba zai iya ba, domin rana tana dukan tamfol, buhunan ƙasa suna gumi, kuma masu shingen sun fi ka sanin haka. Akwai kuma sikeli. Doka ta ƙayyade nauyin da mota za ta ɗauka, mai kaya kuwa yana son buhu ya yi yawa don kuɗin mota ya yi masa sauƙi, mai mota ya yarda don kada lodin ya tafi wurin wani. Su biyun suna gida. Wanda zai tsaya a gaban mai sikeli yana ba da haƙuri shi ne direba.

Idan ka sauke kuma ba a dawowa wayam. Sai ka gangara tashar jiragen ruwa, Tema ko Lome ko Kwatano, ka shiga layi. Tsarin da ake bi a kan kayan da za su wuce ƙasar da ba ta da teku shi ne kashi biyu cikin uku na motocin ƙasar da za a kai wa kayan ne, kashi ɗaya na motocin masu tashar. Wannan ya taimaki masu lambar Nijar irinmu, amma motoci sun fi kaya yawa, kuma layi yana da 'yan kamasho da ke san yadda ake tsallakar da wanda ya biya. Za ka yi makonni a gareji kana kwana a ƙarƙashin mota, sauro yana cinka, kana cin kuɗin da ka ce za ka kai gida. Yawancin masu motoci a kan sawu suke biya, ba a kan kwana ba. Sawun da ya ɗauki sati biyu da wanda ya ɗauki wata biyu kuɗinsu ɗaya. A waɗannan garejin ne na ga mutanen kirki sun lalace. Zaman banza, kuɗi a aljihu, ba wanda ya san ubanka. Wani ya faɗa caca, wani ya ajiye mace, wani ya kai wa matarsa ciwon da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ina faɗin wannan da baƙin ciki, domin wasunsu tare muka yi yaron mota.

Sai kuma baƙunci. Ranar da komai ke tafiya daidai, baƙo sarki ne. Ranar da abu ya ɓaci, a nan za ka san ba ƙasarka ba ce. Wani abokina, mutum mai natsuwa wanda ban taɓa ganin ya yi gudun ganganci ba, mai babur ya faɗo masa daga kwana a wani gari da ba zan ambata ba, yaron ya rasu. Da ƙyar aka ƙwace shi daga hannun jama'a. Aka tsare shi, aka tsare mota. Duk abin da ake faɗa a kansa da Faransanci ake faɗa, duk abin da aka rubuta aka ce ya sa hannu bai san me ke ciki ba. Mai motar ya aiko wakili, amma wakilin mota ya zo fitarwa, da ya fitar da ita ya tafi. Mu direbobi muka riƙa haɗa kuɗi muna kai masa abinci duk wanda hanya ta biyo da shi, wani dattijon zango kuma ya tsaya masa, ya nemo tafinta, ya je ya zauna da iyayen yaron har aka daidaita. Ya yi watanni a ciki. Da ya fito gashin kansa ya yi fari, matarsa ta sayar da awakinta da gadonta. Da a Kwantagora abin ya faru, kafin dare ƙanensa ya iso, ƙungiya ta iso, an san wanda za a kira.

Daga 2018 gabashin Burkina Faso ya fara lalacewa. Hanyar Kancari zuwa Fada, wadda muke bi da dare muna sauraron rediyo, ta zama wurin da ake dasa nakiya, ake tare motoci, ake ƙona wasu. Ka wuce ƙauyen da ka saba shan shayi ka tarar ba kowa, rumfunan a buɗe. Sai muka koma bin Doso, Gaya, mu haye gadar Kwara zuwa Malanbil ta ƙasar Benin, Kandi, Faraku, Jugu, mu shiga Togo ta Kara, mu gangara duwatsun Alejo da ke cin birki, har Lome, sannan Aflawo. Hanya ta ƙara tsawo, iyakoki sun ƙaru, kuɗin sawu bai ƙaru yadda ya kamata ba. A watan Agustan 2019 kuma Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Leƙowa gidan da na yi wa Inna alkawari ya zama sai an yi dabara.

Abin da ya karya ni ya zo a 2023. Ran 26 ga Yuli sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a Yamai, bayan 'yan kwanaki ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki. Ni ina ɗauke da shinkafa daga Kwatano za ni Maraɗi, na iso Malanbil na tarar da layi. Ga gada, ga Gaya can ƙetaren ruwa ana hango ta, ba halin wucewa. Layin motoci ya yi ta tsawo har ya fita gari da nisa. A ɗaya gefen kuma motocin albasa ne ke tsaye, kayan suna ruɓewa, ana zubarwa a bakin hanya. Ba mu yi juyin mulki ba, ba mu sa takunkumi ba, ba wanda ya tambaye mu, amma mu muka kwana a kan kwalta cikin damina. Kullum akwai mai cewa ya ji a rediyo gobe za a buɗe. Kuɗin abinci ya ƙare, mutane suka fara sayar da gas ɗin tankinsu, wasu safaya, wasu wayar hannu. Zazzaɓi ya kwantar da yaron motata, na yi jinyarsa a cikin kan mota.

A cikin wannan hali ƙanwata ta kira ni.

"Yaya, jikin Inna fa ya yi tsanani. Tana ta tambayarka."

Na kira Alhaji. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri ka ɗan ƙara. Kayan nan da sunanka aka sa hannu, idan ka bar wurin aka taɓa su, ni da kai ba mu da abin biya. An ce cikin satin nan za a buɗe."

Ba na zarginsa. Shi ma dukiyarsa ce da ta mutane a kan hanya, kuma shi ma abin da ake faɗa ya ji. Na tsaya, domin amana ce. Da kira na biyu ya zo, da asuba, ban nemi izinin kowa ba. Na damƙa wa wani direba ɗan Madawa makulli da yaron, na shiga kwalekwale na haye Gaya, na bi motar haya ta Doso da Dogon Dutsi zuwa Ƙonni, daga nan babur ta cikin gonaki, tunda tamu iyakar ma a rufe take. Na iso na tarar an dawo daga maƙabarta tun da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ajali ba ya jiran kowa, ko ina ɗakinta ranar ba zan ƙara mata numfashi ɗaya ba. Amma ta yi ta kiran sunana, ni kuwa ina gadin buhunan shinkafa a bakin gadar da ba ta buɗe ba. Wannan abu yana nan a ƙirjina. Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi mata addu'a.

Bayan sadakar bakwai na koma, domin mota da yaro suna can. Ƙarshenta mai kayan ya sa aka sauke shinkafar aka riƙa hayar da ita ta ruwa, mu kuma muka juya kudu wayam. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe tata iyakar da Nijar a watan Maris, amma Nijar ta bar gefenta na gadar Gaya a rufe. Kayan Nijar suka koma biyowa ta Lome, Sinkase, Wagadugu, Kaya, Dori, Tera, zuwa Yamai, a ayari na ɗaruruwan motoci da rakiyar sojoji. Na bi wannan ayari. Sai an yi makonni ana jiran a taru, idan an tashi kuma ba mai tsayawa, wanda motarsa ta lalace a tsakanin Kaya da Dori sai Allah. Ka wuce ƙonannun motoci a gefen hanya, wasu ka gane masu su daga rubutun da ke jikin bodi. Direbobi sun rasa rayukansu a wannan hanya, na san wasu daga cikinsu da fuska. Kuɗin sawu ya ninka, gaskiya ne. Amma da na sauke a Yamai na kai wa Alhaji motarsa, na gode masa, muka rabu lafiya. Ya ba ni kyauta mai kauri, Allah Ya saka masa.

Yanzu na dawo tsohuwar hanyata, albasa daga Aliero da Goronyo, wani lokaci hatsi daga Dawanau, zuwa kasuwar Mil 12 a Legas. Kada wani ya ɗauka na dawo cikin aminci ne. Hanyar da na bari ba ita na tarar ba. Dajin da muke tsayawa mu yi sallar dare a da, yanzu ana tare shi da rana tsaka, a kwashe direba da yaransa a nemi kuɗin fansa, kuma da wuya ka ga mai motar da zai biya wa direba. Dangi ne ke sayar da gona. Ramuka sun cinye kwalta, tafiyar da muke yi a kwana biyu takan kai huɗu, gas ya haura naira dubu a lita. A wasu garuruwan samari ne riƙe da katako mai ƙusoshi suna karɓar harajin da ba ka san na wane ne ba. Ƙarshen watan Mayun 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa, ta ci rayuka da yawa, ta yanke hanya, motoci suka yi cirko-cirko. Kuma baƙuncin da na ce yana ƙetare, a cikin gida ma ana iya mayar da kai baƙo. Ba mu manta rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021 ba, wanda ya sa aka dakatar da kai abinci kudu na wasu kwanaki. Ba mu manta matafiya 16 da aka sauke daga babbar mota aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 ba. Idan ana maganar inda mutuwa ta fi kusa, wallahi ba zan iya rantsuwa cewa waje ya fi gida ba.

Bambancin da na gani shi ne wannan. A gida, duk abin da ya same ni, akwai wanda zai iso gare ni, kuma ni ma zan iya isa ga nawa. Ba shugaban da zai yi fushi da wani shugaba a tsare ni a Jebba wata da watanni. Ina jin abin da ake faɗa a kaina, ina iya karanta abin da zan sa wa hannu. Ba na yin sati biyu ban ga 'ya'yana ba. Ƙaramin ɗana da a da yake ɓuya a bayan uwarsa idan na shigo, yanzu shi ke fara jin ƙarar mota. Abin da nake samu bai kai rabin na da ba, ginin da na fara a gefen gida yana nan a linta, kuma wata rana idan kuɗin makaranta ya taso nakan tuna sefa. Amma ni dai, a shekaruna da abin da na gani, wannan na zaɓa.

Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ni na koya masa mota, ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, an yi mini tayin mota, hanyar Lome." Na dube shi, yana da mata da jariri, yana zaune a ɗakin haya, kuma na san abin da yake samu a hanyar Legas ba zai fitar da shi daga hayar ba. Ban hana shi ba, don ni ma ba a hana ni ba, kuma ɗakin da muke zaune a ciki muna maganar da kuɗin wannan hanyar aka gina shi. Na ce ya tashi mu je wurin mai motar tare.

Na roƙi mai motar abu uku a gaban shaidu. Idan jira ya wuce sati, a riƙa biyan yaron kuɗin abinci na kowace rana, ban da kuɗin sawu. A ba mu sunan mutum a Lome da Wagadugu wanda zai tsaya wa direba, ba mota kaɗai ba, idan wani abu ya faru. Kuma idan aka kira shi a kan rashin lafiyar uwa ko mata ko ɗa, yana da izinin damƙa mota ga wanda ya amince da shi ya taho, ba sai ya jira waya ba. Ya yarda da na farko da na biyu. Na ukun ya ce ba zai iya ɗaukar alkawari ba, sai dai a duba idan lokacin ya zo. Na gaya wa yaron cewa da ni ne, a kan wannan na ukun zan fasa. Ya ce ya ji, amma zai gwada shekara ɗaya. Ya tafi bayan ƙaramar salla, matarsa da jaririn suna gidana.